Abin da Aka Samu a Daddawar Luba

Hajiya Safiyatu ba ta yi sallama ba. Banko ƙyauren langa-langar kawai ta yi ta faɗo tsakar gida, mayafi a kafaɗa ɗaya, hannunta riƙe da murfin kwano, a kan murfin kuma ɓarin daddawa. A bayanta matan maƙwabta ne, waɗanda ba wanda ya kira su, da ma kuma ba su taɓa jiran a kira su ba.

"Luba! Fito ki ga abin da kike ciyar da mu!"

Nana Maryam na zaune a inuwar katanga tana tsince tsakuwa daga kalwa, littafinta a kife kan cinya. Hutu ta zo daga Kano, inda take karatun ilimin halittu tana zaune wurin gwaggonta a Kurna. Yarinya ce da ko gaisuwa sai ta shirya ta a zuci kafin ta furta.

Mahaifiyarta Luba ta fito daga madafa tana goge hannu da bakin zani. Duk ƙauyen nan, har zuwa kasuwar Ɗambatta, in aka ce daddawa mai kyau to tata ake nufi. Tun rasuwar maigidan, daddawar ce ke riƙe da gidan, ita ce kuma ke riƙe da Nana Maryam a makaranta.

"Lafiya, Hajiya? Ki zauna mana."

"In zauna? Duba nan!"

Aka duba. A tsakiyar ɓarin daddawar, wata 'yar halitta ce kwance, ba ta fi ɗan yatsa ba, ta bushe ta yi baƙi ƙirin, ta manne kamar da ita aka cura. Kai da ƙafafun gaba ne kawai a fili, sauran ya tafi da ɗaya ɓarin, wanda tuni ya shige tukunyar miyar kuka.

"Tun makon jiya muke cin wannan shanyar," in ji Hajiya Safiyatu. "Ni da 'ya'yana da jikokina. In ƙadangare ne, ƙazanta ce, na zubar da miya na wanke tukunya. In kuwa tsaka ce, Luba, kin gama da mu."

Ba wanda ya tambayi abin da take nufi. A ƙauyen nan yaro kan san wannan kafin ya san hanyar gona: tsaka in ta taɓa abinci ta zuba masa dafi, wanda ya ci jikinsa zai tashi da fari dabbare-dabbare, albaras ke nan, har kabari. Ba wanda ya taɓa ganin mutumin da hakan ya same shi, amma kowa yana da kawu da ya san wani a wajen Kunci. Mai abincin da aka samu tsaka a kayanta kuwa, ta gama sana'a. Ko ruwan randarta ba mai sake sha.

Luba ta tsaya kamar an dasa ta. Nana Maryam ta ga leɓen mahaifiyarta na motsi ba magana, sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa.

"Hajiya, ai ko da ma tsaka ce, ba ta da wani da..."

"Kun ji!" wata daga cikin matan ta buga cinya. "Kun ji da kunnenku! 'Yarta ma da ta yi boko ta ce tsaka ce!"

"A'a, ni cewa na yi ko da..."

"Innalillahi! Ni ma shekaranjiya na saya!" in ji wata.

Nan take wata ta fara soshe-soshe a damtse. Wata ta janye hannun riga tana duba fatarta a rana, ta gano wani tabo da ta samu tun tana yarinya a bakin murhu, ta ce wallahi jiya babu shi. Nana Maryam ta sake gwada ƙarasa zancenta, amma ba mai saurare. Daga duk abin da ta faɗa, kalma ɗaya suka tsinta suka tafi da ita, sauran suka bari a ƙasa.

Hajiya Safiyatu ta rufe ɓarin daddawar da gefen mayafi ta ce gidan Mai'unguwa Ado za ta kai. Taron ya bi ta.

Da gidan ya yi shiru, Luba ta juyo. Ba ta taɓa kiran sunan Nana Maryam ba, 'yar fari ce.

"Ke, wa ya tambaye ki?"

Abin haushin shi ne, in akwai abu ɗaya da Nana Maryam ta sani a duniyar nan, to shi ne wannan. A Kurna ba ta da ƙawaye. 'Yan matan layin suna zuwa biki, ita tana zama a bayan gidan gwaggo tana kallon katanga. Ta san jangwada mai jan kai da ke hawa bulo da hantsi yana gyaɗa wa kowa kai kamar ɗan siyasa. Ta san matansa masu ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo a wuya. Ta san kulɓa mai sheƙi da gajerun ƙafafu, wadda ke sulalewa ƙarƙashin tarin shara a bakin kwata. Ta kuma san tsaka, mai taushin fata da manyan idanu marasa fatar rufewa, wadda ke labewa bayan fitila tana cin ƙwari, ba ruwanta da kowa. Ta karanta, ta tambayi malaminta, ta sake karantawa: ba ta da dafi ko na sauro. Wannan sanin duka, ga abin da ya jawo wa uwarta a yini guda.

Bayan la'asar aka aiko daga gidan Mai'unguwa, a zo da Luba, a zo kuma da 'yarta mai karatun dabbobi.

Ƙofar gidan ta cika. Maza a kan tabarmi gindin darbejiya, mata a tsaitsaye a bakin zaure, mutanen da ko kiran sallah ba ya tara su da wuri haka. Murfin kwanon na gaban Mai'unguwa Ado, dattijo mai son a ce ya yi adalci, muddin adalcin ba zai hana shi cin tuwonsa a kan lokaci ba. Wanda ke magana kuwa Kamaruddeen ne.

A da Kamaru ake ce masa, har ya je Kano ya tuƙa adaidaita-sahu na ɗan lokaci, ya dawo ba keken, sai cikakken suna da tabarau. Tun daga nan ba abin da za a yi zance a kai bai ce "a birni" ba.

"Ku ba ku san ƙadangaru ba," yake cewa, yana nuna murfin da makullin da ba a san me yake buɗewa ba. "A birni na ga iri-iri. Na Sabon Gari daban, baƙi ne, saboda hayaƙin janareta. Na Nasarawa ƙato ne, ba ya gudun mutum, biredi yake ci. Akwai na cikin kasuwar Kurmi, shi ko rana bai sani ba."

"To wannan na wace unguwa ne, Kamaru?" wani ya tambaya.

"Kamaruddeen. Wannan ba ƙadangare ba ne sam. Tsaka ce. Ka ga dai ba ta ruɓe ba, ai la'anannen abu ba ya ruɓewa. Sannan ka sansana, za ka ji warin dafi."

Wani tsoho ya karɓa ya sansana, ya yamutsa fuska ya ce tabbas akwai wari. Daddawa ce fa. Abin da aka sani tun kaka da kakanni da wari, yau shi aka gano yana wari.

Mai'unguwa ya hango Nana Maryam a bayan uwarta.

"Yauwa, 'yata, matso. An ce ke kika fara cewa tsaka ce."

"Baba, ni ban ce ba." Da ƙyar muryar ta fito.

"To yanzu sai ki ce. Gwamnati ta koya miki, mu kuma muna saurare. Mene ne wannan?"

Ta durƙusa a gefen tabarmar. Ta ji idanun garin duka a bayan wuyanta. Ta ce a ba ta ruwa a kwano, don sai an wanke za a gane. Aka kawo. Ta tsoma ɓarin, ta shiga murzawa a hankali, ruwan ya yi baƙi, daddawar ta saki, 'yar halittar ta fito a tafin hannunta.

Ba ta buƙaci dogon kallo ba. Yatsun ƙadangare dogaye ne sirara, da farata kamar ƙaya. Waɗannan gajeru ne, bakinsu a faɗaɗe kamar an danna su da cokali, irin da ake manne wa bango da su. Fatar ba ƙaya ko ɗaya. Ramin idon ya kusa cinye kan.

Tsaka ce. Kamaru ya faɗi daidai. Wannan ya fi komai ƙona mata rai, mutum ya bi ta hanyar shirme tun daga farko har ƙarshe, ya kuma iso gaskiya.

Ta san yadda abin ya faru ma. Inna kan daka daddawa da yamma ta bar ta a ƙwarya cikin ɗaki, da sassafe ta cura ta faɗaɗa kafin rana ta fito, ga idonta ya fara rauni. Ɗumi 'yar tsakar ta bi ta shiga ƙwaryar.

Nana Maryam ta ɗaga kai. Ga Hajiya Safiyatu ta dafe ƙirji. Ga matar da ke soshe-soshe tun safe, damtsenta har ya yi ja. Ga Inna a bakin zaure, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Jawabin gaskiya na nan a shirye a bakinta: tsaka ce, amma ba ta da dafi, ba wanda zai yi albaras, ku je ku ci tuwonku. Ta riga ta gwada shi da safe. Ta ga inda suke tsayawa da ji.

Ta mayar da hannunta cikin baƙin ruwan kamar mai ƙara wankewa. A ƙarƙashin ruwan ta sa farcen babban yatsa ta tsinke yatsun ƙafar dama, sannan na hagu. Ba su yi gardama ba, sun riga sun jiƙa. Ta fito da abin da ya rage ta ɗora a murfin.

"Ɗan ƙadangare ne, Baba. Mace. Ba ta daɗe da fitowa daga ƙwai ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Kamaruddeen ya cire tabarau.

"Ƙarya ne! Ina ƙayar bayan? Ƙadangare ai kaushi gare shi."

"Jariri ne," in ji ta. Ta yi mamakin yadda muryarta ta daina rawa. "Kai da aka haife ka da gemu ka zo?"

Matan bakin zaure suka kwashe da dariya, har da mai soshe-soshen.

"To idon fa? Dubi girman ido!"

"Kowane jariri idonsa ya fi kansa. Ka tambayi mata."

"Wallahi haka ne," in ji wata. "Nawa da aka haife shi kamar mujiya."

"A nuna min yatsun," Kamaruddeen ya matso. "A birni wani ya gaya min a yatsu ake ganewa."

Ashe cikin tarkacen da ya kwaso daga Kano akwai abu ɗaya mai amfani.

"Zafin daddawa ya cinye su," in ji Nana Maryam. Ba ta bar shi ya numfasa ba, ta juya ga Mai'unguwa ta saki Turanci. Dogo ta saki, mai nauyi, irin na ranar jarrabawa. Rabinsa ma ba na ƙadangare ba ne, darasin numfashin kifi ne da ta haddace a zangon da ya wuce. Ta jero shi ba tuntuɓe, tana nuna kan abin da tsinke.

Wurin ya yi tsit. Mutanen da suka kasa jiran ƙarshen jimla ɗaya ta Hausa da safe, yanzu sun saurari shafi guda na abin da ba su ji ko kalma ba, suna gyaɗa kai kamar jangwada a kan bulo.

"Allahu Akbar," in ji tsohon da ya sansana. "Ni da ma warin bai yi min kama da na tsaka ba."

Mai'unguwa Ado ya shafa gemu. Ya gamsu, amma ba ya so a ce yarinya ce ta yanke hukunci a ƙofar gidansa.

"Boko ya faɗi nasa," ya ce. "Saura namu na gargajiya. Kowa ya sani kaza ba ta cin tsaka. A jefa wa kaza. In ta ci, ƙadangare ne, magana ta ƙare. In ta ƙi, to sai mu sake zama."

Nana Maryam ta sunkuyar da kai. Kaza, wadda ke cin kyankyaso, ta ci majina, ta ci guntun leda, yau ita ce alƙaliya. Amma duk da haka abin ya sha daddawa, kuma ba ta taɓa karanta ko kaza na son daddawa ba. Sana'ar Inna, da makarantarta, da komai, sun koma hannun wata jar kaza mai wuya tsirara da ke tono a gindin darbejiya.

Aka jefa. Kazar ta zabura ta ja baya. Ta dawo, ta karkata kai ta duba da ido ɗaya, ta sake dubawa da ɗayan. Kamaruddeen ya fara murmushi. Ta sa baki ta ɗaga, ta yar. Wani ya ce, "Ta ƙi!" Sai ga wani zakara ya taho da gudu, kazar kuwa da ta ga za a raba ta da abin da ba ta ma so, ta cafke ta haɗiye, ta miƙa wuya.

"Shi ke nan!" Mai'unguwa ya tafa hannu. "Ƙadangare ne. Luba, a riƙa rufe ƙwarya. Hajiya, a wanke tukunya. Kai kuma Kamaru, a riƙa sanin abin da za a faɗa a gaban manya."

"Kamaruddeen," in ji Kamarun a hankali, amma ba wanda ya ji. Yana tsaye yana kallon kazar kamar ta ci amanarsa.

Hajiya Safiyatu ta rungume Luba tana cewa ita da ma ba ta taɓa zarginta ba, tsoro ne kawai irin na uwa. Mai soshe-soshen ta biyo su har rabin hanya tana cewa a ajiye mata ta gobe, a kuma yi mata gyara mai kyau saboda tashin hankalin da ta sha.

Suka isa gida rana ta yi ja. Nana Maryam ta ji wani irin sauƙi a jikinta, da wani abu mai kama da girman kai. Ta yi magana a gaban garin duka ba ta mutu ba. Ta raina su, ta kuma gano cewa mutanen da ka raina ba su da wuyar juyawa.

Luba kuwa ta shiga ɗaki ta fito da kwandon daddawar, duk ragowar wannan shanyar, wadda za a kai Ɗambatta ranar kasuwa. Ta ɗauki fartanya ta nufi bayan gida, wajen da suke zubar da toka.

"Inna, ina za ki da ita?"

"Riƙe min kwandon."

"Inna, ai an gama magana. Mai'unguwa ya ce..."

"Na ga hannunki a cikin ruwan." Luba ta fara sara ƙasa. "Ɗakina ne. Na san abin da ke yawo a bangonsa, ba ƙadangare ba ne."

Nana Maryam ta ajiye kwandon ta riƙe ƙotar fartanyar.

"To tsaka ce, na yarda. Amma wallahi, Inna, ba ta da dafi. Ba abin da zai sami kowa. Na karanta, malaminmu ma ya faɗa. Wannan daddawar lafiyarta ƙalau, aikin mako guda ne fa, kalwar ma da ƙyar kika samo ta. Ki yarda da ni."

Luba ta dube ta. Ba fushi a fuskarta, gajiya ce kawai.

"Ɗazu ma haka kika yi magana, ba ko ƙifta ido. Har ni sai da na kusa yarda." Ta zare fartanyar daga hannunta. "Kin rufa min asiri, Allah ya rufa naki. Amma ba zan ba 'ya'yan mutane wannan ba."

Ta ci gaba da haƙa. Da ramin ya yi zurfi ta juye kwandon, faifayen daddawar suka zube kan juna, baƙaƙe masu kyau, ƙamshinsu ya tashi. Ta tura ƙasa ta rufe, ta tattake da ƙafa, ta jawo wani tsohon turmi ta kife a kai saboda kaji.

"Gobe ki je gidan Hajiya ki gaishe ta," ta ce tana karkaɗe zani. "Ki duba min jikokin nan da kyau, hannuwansu da wuyansu. Ke kin fi ni ido. Jibi ma ki koma."

"Inna, ba abin da zan gani."

"Ki dai duba."

Aka kira magariba. Luba ta ɗauki buta. Nana Maryam ta tsaya riƙe da kwandon da ba komai a ciki, tana jin sauran warin daddawa a ƙarƙashin farcenta. Miyar daren nan da gishiri da barkono kawai aka kaɗa ta.